Wayar Kawu Ta Yi Gum

Shugaban taro, iyayen ƙungiya, malamanmu da suka koya mana rubuta manhaja, 'yan'uwa na kan kujeru da na tsaye a bakin ƙofa, assalamu alaikum. Na gode da aka miƙo mini makirfo, ko da yake na ga sakatare ya fara duba agogo.

Yau za ku ɗaga hannu kan sabon laburarenmu, guntun manhajar nan mai mayar da rubutu murya, wanda kowa ke ɗauka ya dasa cikin aikinsa. Kafin hannu ya tashi, ku ji labarin kawuna. Makaho ne, saƙar kujeru yake yi a ƙofar gida, kuma da tsohon laburarenmu tsohuwar wayarsa ke karanta masa saƙo. Da aka sa mata sabon na gwaji, ta yi gum. Ya ce mini, "Ɗan nan, yarinyar cikin wayar nan fushi take da ni ne? Ko gaisuwa babu."

Ƙorafi uku nake da shi kan sabon. Na farko, abin da aka yi don kowa aiki ɗaya ya kamata ya iya, ya iya shi sosai. Namu karatu ne aikinsa. Wannan ya liƙa masa talla, wancan ya liƙa masa fassara, har ya yi ƙibar da ƙaramar waya ba ta iya ɗauka.

Na biyu, kada ya jingina da kowa. Da can ko babu intanet yana magana. Yanzu sai ya nemi izinin kwamfutar wani kamfani kafin ya buɗe baki.

Na uku, kun sauya sunayen umarnin da masu manhaja suka saba kiransa da su, wai don su yi kyau. Kyau a idon wa? A kan wayoyinku masu sheƙi kuka gwada, kuka tafa wa juna.

Ni ba jami'a na yi ba, a shagon gyaran waya na koyi karatun nan, kuma tsohon laburaren nan ne na fara alfahari da shi. Yanzu maƙwabta ke karanta wa kawu saƙonsa, har wanda 'yarsa ta rubuto don kunnensa kaɗai. Ku bar tsohon da rai, ku rage wa sabon kaya. Da zan taho, kawu ya ce in gaishe ku, in sa muku albarka. Bai san ku ne kuka sa wayarsa ta yi gum ba, kuma ban gaya masa ba.

Allah Ya sa mu gyara, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.