Yayata Ba Ta Ƙi Ɗanta Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Bukar ne daga unguwar Bulabulin, kuma raina a ɓace yake.

Yayata Falmata tana da ɗa, Modu, mai shekara uku. Tun da bam ya tashi kusa da layinsu jinsa ya ragu, maganarsa ta tsaya. Muka kai shi wata cibiyar koyar da irin waɗannan yara. Wata ma'aikaciyar wurin ta zuba kayan wasa a tabarma, ta ce, "Hajiya, kira sunansa ku yi wasa, ina kallo."

To, Modu ɗan fari ne, sunan uban mijinta aka sa masa, ga kuma uwar mijin zaune a gefe. Wace mace za ta iya? Yaya ta sunkuyar da kai, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai ma'aikaciyar ta ce, "Shi ya sa ba ya ci gaba, ba kya kula shi."

Wallahi na sha leƙa su idan ɗaki ya zama daga ita sai shi. Tafin hannunsa take ɗorawa a maƙogwaronta tana waƙa don ya ji motsin muryarta, yana ta dariya.

Yanzu ta rantse ba za ta koma ba, yaron kuwa shi ke asara. Ban ce ma'aikaciyar muguwa ce ba, amma a riƙa fitar da surukai waje kafin a yanke wa uwa hukunci. Jama'a, yaya zan lallashi Yaya ta koma? Ni dai na gwada, da faɗa muka rabu.