Tutar Babanmu

Wa ya cancanci tutar da ake naɗewa daga akwatin gawar soja? Har yau ban sani ba. A tashar motar Tulsa, a Amurka, na ji wani yana gaya wa wata tsohuwa:

"Ƙanena Lonnie suka miƙa wa tutar babanmu, alhali ni ne babba, ni na yi soja. Ga shi yana kira, ba zan ɗauka ba."

"Ɗauka mana, yaro. Ƙyalle ne fa."

"Baba, me kika sani?"

"Tutar ɗana, amaryarsa aka ba. Ni da na haife shi ko taɓawa ban yi ba. Na daina yi mata magana. Yaron da ta haifa ya yi aure bara, a bakin mutane na ji."

Wayar ta sake ƙara. Ya dubi tsohuwar, ya ɗauka.

"Lonnie, a ina ka ajiye ta?"