Motar da Ta Zo da Gajeriyar Ƙafa

Mai unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Dattawan Birni, maƙera da dukawa, da ku da kuka zo kallo kuna kiransa jaje: assalamu alaikum.

Shekaruna saba'in da tara. Na sauke Alƙur'ani tun Nasara bai san hanyar Damagaram ba, kuma ban taɓa cin tuwon tausayi ba. Wanda ya zo da tausayi ya koma da abinsa. Taruwarku dai na gode.

Na farko: ɗana Suma'ila ya aiko mini sabuwar mota daga Kano. Na rubuta wa jikata Zainaba cewa a cikinta zan zo Mirriya saukar karatunta, kuma alƙalamina bai taɓa ƙarya ba. Na karɓi motar yadda mahaifina yake karɓar raƙumi: na sa aka buɗe bakinta, na leƙa idanunta, na ƙirga ƙafafu, huɗu cif. Ƙirgawa na yi, ban auna ba. Ashe ta gaba ta hagu ba tsarar sauran ba ce.

Na biyu: muka nufi gabas, ita ta nufi hagu. Sau uku muka kewaye kasuwa, sau uku mai goro ɗaya yana yi mini sannu da zuwa. Na ce da shofer mai tuƙa ni, "Illa, ɗan nan, ina ka nufa da ni?" Ya ce, "Inna, ni ma bin ta nake."

Na uku: maƙeri ya ce a yi mata lalas kamar goɗiya. Baduku ya naɗe ƙafar da fatun awaki bakwai, karnukan gari suka yi mana rakiya. Bature mai kanti ya ce in jira wata huɗu a kawo sabuwar ƙafa, sai ka ce karatun yarinya zai jira shi. Ku kuma yau kun taru ku ara mini jaki. Ni, Lubabatu!

To, kun makara, ku saurara. Mai rabon gado ya sani, in dukiya ta kasa, kowa ake rage wa. Na sa an sace iskar sauran ukun har suka daidaita, aka ɗaura mata takarkarai biyu, Illa kuwa yana riƙe da sitiyari don mutunci. Laraba muka tashi, Alhamis muka isa, ko sau ɗaya ba ta karkace ba. Na ji saukar jikata a cikin motata, na dawo jiya.

Allah ya daidaita ƙafafunmu, ya ba mai jaki lada. Na gode.