Aikin Ran Alhamis

Hanifa: Salamu alaikum. Yaya Laure, ina wuni?

Laure: Wa alaikumus salam, autar Inna. Lahiya lau. Ina gajiya? Yaya unguwarku Badariya?

Hanifa: Ba gajiya. Yaya mutanen Argungu? Su Abbas da Maryamu?

Laure: Suna nan suna ta ɓarna. Yaya nauyin jiki? Ƙahwahun sun sace?

Hanifa: Da sauƙi.

Laure: Madalla. Maigidanki Sunusi hwa, yana bugowa daga Legas?

Hanifa: Yana bugowa. Sun ba shi hutun mako guda, jibi za shi iso. Shi yas sa ma nak kira ki. Ran Alhamis za a yi min aiki.

Laure: Mi? Ba ni jin ki, matsa wajen taga.

Hanifa: Nic ce tiyata za a yi min, a hiddo yaron.

Laure: Subhanallahi. Mi likita yag gani? Gicciye shike?

Hanifa: A'a, kainai na ƙasa. Hoto ya nuna komi daidai.

Laure: Jininki ya hau?

Hanifa: Bai hau ba. Ni nar roƙa. Likitar da ka yi min awo ta ƙiya, tac ce ba ta yanka mace ba dalili, in jira naƙuda. Sai nit tahi wani asibitin kuɗi, su sun yarda.

Laure: Hanifa, kina da hankali kuwa? Lahiyarki lau ki kai cikinki a tsaga?

Hanifa: Ke ma ai an yi miki, ga Maryamu nan tana gudu.

Laure: Ni mabiyiya ta tare hanya, jini kamar an ɓalle famfo. Da ba a yi ba da yanzu ina kusa da Inna a maƙabarta. Aikin ga ceto na, ina gode Allah da shi. Amma kin manta yadda nik kwanta? Ɗiyata na kuka ban iya ɗaukar ta. Ɗinkin yay yi ruwa, ko wankan jego na kirki ban samu ba. Kuma duk cikin da ni ɗauka nan gaba sai an sa min ido.

Hanifa: Ban manta ba.

Laure: To ki koma wajen likitarki ta hwari, gaskiya ta gaya miki. In aikin ya kama, ita da kanta za ta ce.

Hanifa: Yaya, in Sunusi ya koma, naƙuda ta taso, wa za ni kira? Haihuwar hwari gida aka zuwa goyon ciki. Ni wane gida za ni? Ɗakin Inna an zuba buhunan shinkahwa ciki.

Laure: Maƙwabciyarki Dinatu hwa, Maman Rejoice?

Hanifa: Dinatu na da kirki, amma shagonta take wuni. Yini nika yi ban ji muryar kowa ba sai rediyo. Tsoro nika ji, wallahi. Gara a yanka ni yana tsaye bakin ƙohwa da in yi naƙuda ni kaɗai.

Laure: Kar ki yi kuka mana. Allah na nan. Ke dai kar ki yarda da aikin ga.

Hanifa: Tun ɗazu kina cewa kar in yarda. Ba ki ce za ki zo ba.

Laure: Kin san lokacin hiddar albasa na. Ni ka dahwa wa 'yan aiki abinci, ga tsohuwar maigidana Dikko kwance, ba mai juya ta sai ni.

Hanifa: Na sani. Katina ya kusa ƙarewa. In kin ce za ki zo ki zauna da ni har in sauka, yau za ni buga musu in ce na hwasa.

Laure: Bari Dikko ya dawo daga hwadama, in yi mai magana.

Hanifa: Ba Dikko nit tambaya ba, Yaya. Za ki zo?

Laure: Hanifa, ki saurara, ni da so samu na...

Hanifa: Yaya? Yaya Laure?