Auduga a Baki Kawai Aka Nema

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Sunana Malam Garba, daga unguwar Handsworth a nan ƙasar Turawa. A gafarci rubutuna, na tsufa.

Jikata Hindatu tana karatun jami'a a Manchester. Tun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin haɗuwarmu na tsofaffi, ita kaɗai ke buga mini ƙofa. Duk Asabar sai ta shigo tana tsokanata: "Angona, har yanzu kana nan?"

Bara ta fara ramewa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Sai da ta yi mako uku tana jiran ganin GP, likitan unguwa. Da aka auna, aka ce sankarar jini ce. Shekararta ashirin da biyu. Likita ya ce sai an yi mata dashen ɓargo, kuma an fi dacewa a cikin jinsinmu, amma mutanenmu ba sa yin rajistar ba da ɓargo.

Na dogara sandata na je taron 'yan gida, mutanen ƙasarmu, na roƙe su. Auduga kawai za a goga a cikin baki a gwada ko wani zai dace da ita. Wani Alhaji ya ce, "Baba, wa ya san abin da Turawa za su yi da yawunmu? Za mu sa ta a addu'a." Mutum huɗu suka yarda, ba wanda ya dace.

Hindatu ta rasu bayan ƙaramar Sallah. Ranar sadakar uku, takalma har kan matakala. Alhajin nan ma ya zo, da tukunyar shinkafa.

Malamai su ba ni amsa: ladan ta'aziyya ya fi na ceton rai ne? Matasa, ku je ku yi rajista.

Gobe Asabar. Ba na jiran kowa.