Gwaggon da Na Kashe a Takarda

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Ni ce Saratu matar Ayuba. Yau da bakina zan tona wa kaina asiri, don ku ga aikin Ubangiji.

Shekara tara da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Da muka samu likitan mata a Damagaram, ya ce akwai ranakun wata da dole in je a duba ni a yi mini allura, in sun wuce sai wani watan. Ni kuwa ma'aikaciya ce a wata ƙungiyar agaji nan Diffa, kullum muna hanyar sansanin 'yan gudun hijira na Sayam. Dokar buronmu, wato ofishinmu, ta ba da kwanaki don aure, suna, haihuwa da rasuwa. Neman haihuwa babu shi a ciki. Konje kuma, wato hutun aiki, sau ɗaya ne a shekara.

Ga ni da girman kan tsiya! Gara a yanka ni da in ce wa shugabarmu, Ya Falmata, ba na haihuwa. Sai na kama ƙarya. Tafiyar farko na rubuta kawuna ya rasu, mutumin da ya shekara goma a kabari. Ta biyu, kakar Ayuba. Ta uku matattu suka ƙare mini, na ɗauki biro na kashe Gwaggo Ladi ta Maraɗi, har da cewa ita ta rene ni. Allah ya gafarta mini!

Na dawo ran Juma'a, na tarar da Gwaggo a tsakar gidana, ta zo ganinmu ba sanarwa. Asabar da hantsi sai ga sallama. Ya Falmata ce da mutanen buro shida, sun ce wadda ta rene ka uwa ce, gaisuwarta sai a gida. Suka zauna, suka dubi tsohuwa tana ɓarar gyaɗa, suka yi mata ya haƙuri.

Gwaggo ta tambayi wa ya rasu. Direbanmu ya ce Gwaggo Ladi ta Maraɗi.

Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Ikon Allah. Ni ce Ladi, kuma ba wanda ya gaya mini."

Wayyo, 'yan'uwa! Na ruga ɗaki na durƙusa bayan ƙofa. Na san ƙarya a takardar buro kora ce, in aiki ya tafi maganin ma ya tsaya. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ko za a kore ni, buɗe bakina." Kunyar nan ta shekara tara na ji ta sauka kamar na sauke tulu.

Na fito na faɗi kome a gaban kowa, ina kuka.

Ya Falmata ta sallami sauran, ta ja ni gefe. Ta ce takardar gargaɗi kam sai na sha, don na yi laifi. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, shekara goma sha uku na yi kafin in ga ɗana. Da kin gaya mini."

Ita da kanta ta rubuta wa manyanmu a Yamai, ta nace har suka ƙara layi a doka: mai neman haihuwa, mace ko namiji, a ba shi kwanakinsa in ya kawo takardar likita. Na ƙara tafiya biyar ban kashe kowa ba.

Ku waiwaya ku dubi kujerar baya. Ga mamaciyar can, goye da 'yata Godiya, watanta huɗu. Har yau takan ce in yi hattara, matattu ba sa raino kyauta.

Na gode wa Yesu da ya raba ni da ƙarya tun kafin ya ba ni 'ya. 'Yar'uwa da ke jira har yanzu, na san zafin. Kada ki ɓoye, ki dogara gare shi. Amin!