Ɓaraguzan da Suka Kore Mana Jerin Gwanon Ista

Shugaban unguwa, Don Rigoberto. Fada Anselmo, uban cocinmu. Iyayena mata da ke layin gaba. Maƙwabtana na Titin Santa Rosa, manya da yara, ina gaishe ku duka. Godiya ga shugaba da ya ba ni dama, duk da ya san bakina ba ya da linzami.

Na farko, abin da 'yan kwangila suka yi mana. Sun gyara magudanar ruwa, ba mu musa ba. Amma sun tafi sun bar mana tsibin yashi, sun bar mana ɓaraguzai, sun bar mana rodi tsirara kamar haƙoran kare. Na tare shugabansu na ce, "Injiniya, wa ka bar wa wannan gadon?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, gobe-goben nan mota za ta zo." Har yau goben ba ta waye ba.

Na biyu, abin da muka yi wa kanmu, kuma shi ya fi ciwo. Fushi ya sa muka rantse ba mai taɓa tsakuwa ɗaya, wai ba mu muka zubar ba. Muka zauna jiran gawon shanu, muna zagi, muna tsallake tsibi.

Kun san Doña Eulalia. Tun tana amarya, duk makon Ista ita ke zana mana shimfiɗar rinannen garin katako a kan titin nan, domin masu jerin gwano su taka. Bana ta rina garinta, ta cika buhuna. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, ku ɗan share mini gaban ƙofata kawai, hannuna bai mutu ba tukuna." Muka ce ta yi haƙuri, in muka kwashe 'yan kwangila sun ci bulus. Ranar Juma'a masu jerin gwano suka iso kwanar titinmu, suka ga ba hanya, suka bi ta baya. Tana zaune bakin ƙofa tana jin kiɗan badujalarsu yana yin nisa.

Watan jiya ta rasu. Da muka ɗauko akwatin gawarta, bai iya wucewa tsakanin yashi da bango ba. Ta ƙofar baya muka fitar da ita, ta wajen kejin kaji. Matar da ta ƙawata titin nan duk rayuwarta ba ta bi ta kansa ba ranar tafiyarta. Wallahi ina jin kunya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Na uku, roƙo. Ƙarar da muka kai 'yan kwangila tana gaban hukuma, a bar ta ta yi aikinta. Amma ranar Asabar mai shebur ya fito da shebur, mai baro ya fito da baro, marar komai ya fito da hannunsa. Ihu ne bayan hari, na sani, amma gara a makara da a ƙi zuwa.

Allah ya ji ƙan Doña Eulalia, ya ba 'ya'yanta haƙuri da mu. Allah ya raba mu da fushin da mai shi yake cutarwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni.